Jiki Amana Ne: Lamunin Likita da Izinin Majinyaci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci cuta Ya kuma halicci maganinta, Ya sanya rai da lafiya cikin abubuwan da shari'arSa ta zo domin ta tsare. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

  Allah Ya karɓi abin da ya gabata na azuminmu, Ya ba mu ikon cika abin da ya rage.

Karatunmu na daren yau tambayoyi biyu ne suka jawo shi. Ba za mu ambaci sunan masu tambaya ba, haka nan ba za mu ambaci wurin da abin ya faru ba, domin ba mu ji daga ɗaya ɓangaren ba, kuma wa'azi ba kotu ba ne.

Na farko uba ne. Ya ce ɗansa ɗan shekara tara ya kwanta da zazzaɓi, aka kai shi wurin ma'aikacin lafiya har sau uku cikin mako biyu, kowane zuwa a ce masa masassarar cizon sauro ce a ba shi magani. Ranar da cikin yaron ya kumbura ya yi tauri aka ɗauke shi zuwa babban asibiti, can aka ce hanjinsa ya huje, aka yi masa aiki, bayan kwana biyu ya cika. Uban yana tambaya: in ya nemi haƙƙin ɗansa, ya yi jayayya da ƙaddara ke nan?

Ta biyu mace ce. Ta ce ta yi doguwar naƙuda, aka shiga da ita ɗakin fiɗa domin a ciro jariri, ta farfaɗo babu jariri. Sai bayan watanni, da ta ga jinin al'ada bai dawo ba ta koma, sannan aka gaya mata an cire mata mahaifa tun ranar. Ta ce ba wanda ya nemi yardarta, mijinta kuwa yana wurin biɗa a Abijan. Tana tambaya: tana da haƙƙi a wuyan wani, ko ba ta da shi?

Kafin mu amsa, sai mun kau da kurakurai biyu da suka zauna a cikinmu. Wasunmu, duk abin da ya faru a asibiti, sai su ce kwana ne ya ƙare, su naɗe tabarma su koma gida, suna ganin tambaya kanta raunin imani ce. Wasunmu kuma, da zarar majinyaci ya rasu, sai su ce likita ya kashe shi, a yi ta zagi a bakin asibiti, wani lokaci har a kai hannu. Duka biyun sun kauce wa shari'a. Gaskiya ne babu mai mutuwa sai ajalinsa ya yi. To amma wanda aka kashe bisa kuskure shi ma da ajalinsa ya mutu, kuma duk da haka Allah Ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92. Da ƙaddara tana goge haƙƙi, da ba a saukar da wannan hukunci ba. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'a, aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna musu cewa juyawar ita ma ƙaddarar Allah ce. Ƙaddara abin imani ce a zuciya, ba ta zama hujja ga wanda ya yi sakaci.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala. Asalin da suka gina a kai shi ne: likita ba ya lamunce waraka, domin waraka ta Allah ce. Abin da ke wuyansa shi ne ya san aikin, ya yi shi yadda masanansa suka san ana yi, kuma ya yi shi da izini. In waɗannan sun cika, sannan majinyaci ya rasu ko wata gaɓa ta lalace, babu kome a kansa. Da za a ce kowane likita ya biya diyyar duk wanda ya mutu a hannunsa, da ba a sami mai taɓa majinyaci ba a duniya. Shehu Halil, a cikin Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, ya tattara wuraren da lamuni yake hawa kan likita guda uku: idan ya jahilci aikin, ko ya yi sakaci a cikinsa, ko ya yi shi ba da izinin da shari'a take la'akari da shi ba. Lamuni a nan yana nufin ɗaukar nauyin ɓarnar da ta auku. Bari mu bi ƙofofin nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa ta farko ita ce jahilci. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi mai ma'anar cewa duk wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da shi ba, to ɓarnar da ya yi tana wuyansa. Alƙali Ibnu Rushdi ya ambata a cikin Bidayatul Mujtahid cewa babu saɓani a kan lamunin irin wannan mutum, domin mai ƙetare iyaka ne, kuma a mazhabarmu ana haɗa masa da horo, bayan diyya. Wannan hukunci bai tsaya ga mai farar riga ba. Ya hau kan mai tallar ƙwayoyi a kasuwa da yake duban fuskar mutum ya ƙulla masa magani kala biyar a leda. Ya hau kan mai yin allura a gida wanda bai taɓa zama gaban malamin aikin ba. Ya hau kan wanzamin da ya cire belun jariri jini ya ƙi tsayawa, da mai ɗorin da ya ɗaure hannun yaro tamau har jini ya daina gudu, hannun ya yi baƙi, aka kai asibiti babu abin yi sai yankewa. Ba muna cewa kowane wanzami ko mai ɗori jahili ne ba, akwai waɗanda suka gaji sana'ar suka ƙware. Amma ƙwararre shi ne wanda ya san inda saninsa ya tsaya. Haka ma'aikacin asibiti da aka horar domin wani aiki, in ya kutsa cikin aikin da ba nasa ba alhali akwai halin tura majinyaci gaba, ya shiga wannan ƙofa ko da takardar shaidarsa tana rataye a bango.

Ƙofa ta biyu ita ce sakaci, kuma a nan ne kuskuren gane cuta yake shigowa. Ku saurara da kyau, domin wurin yana da santsi. Ba kowane kuskuren ganewa ne sakaci ba. Cututtuka da yawa suna farawa da fuska ɗaya: zafin jiki, ciwon kai, amai, kasala. Masassarar cizon sauro haka take farawa, taifot haka, sanƙarau haka. A ƙasarmu, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, masassarar sauro ta fi kowace yawa, saboda haka wanda ya fara zaton ta bai yi laifi ba. Har ma yaro yana iya ɗauke da ƙwayar cutar sauro a jininsa gwaji ya nuna ta, alhali wata cutar ce dabam take cin sa. Abin da shari'a take tambaya shi ne: shin ya yi abin da ɗan uwansa mai irin iliminsa, a irin wurinsa, da irin kayan aikinsa, zai yi? Ya saurari majinyaci? Ya taɓa jikinsa, ya danna cikinsa, ya duba wuyansa ko ya sanƙare? Ya yi gwajin jinin nan na ɗan yatsa da yake fitowa cikin kamar minti 15 zuwa 20? Da majinyaci ya dawo bai ji sauƙi ba, ya sake tunani, ko kuwa ya maimaita takardar jiya? Da abin ya fi ƙarfinsa, ya tura shi gaba?

Tsarin lafiya na ƙasarmu an gina shi hawa-hawa saboda wannan. Daga ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye a tura mutum cibiyar lafiya da ake kira CSI, daga can zuwa asibitin gunduma a Madawa ko Buza ko Keita, daga can zuwa babban asibitin jiha a Tawa, in ta kama har Yamai. Turawa ba gazawa ba ce. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir labarin wani sahabi da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya, ya wayi gari da janaba, ya tambayi abokan tafiya ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce ba su ga sauƙi gare shi ba, ya yi wanka ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi fushi ƙwarai, ya jingina mutuwarsa gare su, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Mutanen nan ba su yi nufin sharri ba. Laifinsu shi ne sun yanke hukunci a kan jikin mutum ba da sani ba, alhali tambaya tana yiwuwa.

Taifot, in aka bar ta ba magani mai dacewa, tana iya huda hanji, galibi a mako na biyu ko na uku, kuma wannan yana cikin abubuwan da suke yawan kai yara ɗakin fiɗa a ƙasar Hausa. Alamarsa ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri kamar katako. Sanƙarau kuwa yana iya kashewa cikin yini ɗaya ko biyu. A annobar 2015 an ƙidaya kimanin mutum 8,500 da suka kamu a Nijar, sama da 500 suka rasu. Muna faɗin wannan ne domin iyaye su san cewa zazzaɓin da bai sauka ba bayan kwana uku na shan magani yana neman a sake dubawa, kuma suna da damar su ce: a sake duba shi, ko a ba mu takarda mu yi gaba.

Sakaci yana shiga ɗakin fiɗa ma. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwan da ake tabbatarwa a kowane aiki: wane ne majinyacin, wace gaɓa za a yi wa aiki, ya ba da izini, kuma a ƙirga almakashi da allurai da ƙyallayen tsane jini kafin a ɗinke. Wanda ya bar ƙyalle a cikin mutum, ko ya yi aiki a ƙafar hagu alhali ta dama ce mai ciwo, ba zai fake da ƙaddara ba. A maƙwabciyarmu Najeriya, a garin Jimeta na jihar Adamawa, wani likita ya yi wa wani mutum fiɗa a 2016 ya cire masa ƙoda, mutumin ya rasu daga baya. A 2019 kotun ladabtar da likitoci ta ƙasar ta same shi da laifi, ta soke sunansa daga cikin masu izinin aikin. Likitoci ƴan uwansa ne suka zauna suka yanke hukuncin, domin sun san sakacin mutum ɗaya yana zubar da mutuncin dubu.

Adalci kuma ya sa mu juya mu dubi kanmu. Sau nawa muke kai majinyaci sai bayan ya yi kwana goma a gida? Sau nawa likita yake tambaya ko an ba shi wani abu mu ce a'a, alhali ya sha jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kasuwa? Sau nawa ake rubuta magani na kwana bakwai mu tsaya a na uku, ko a ce mu wuce Tawa mu koma gida mu jira ranar kasuwa a sayar da akuya? Wanda ya ɓoye wa likita gaskiya ya ɗauki rabonsa na alhakin. Kuma ma'aikacin da yake shi kaɗai a kan ƙauyuka da yawa, babu wuta, babu kayan gwaji, ba za a auna shi da ma'aunin wanda yake babban asibiti ba. A irin wannan hali wani kaso na alhakin yana hawa kan waɗanda aka damƙa wa dukiyar jama'a, kuma za a tambaye su.

Ƙofa ta uku ita ce izini. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa a cikin rashin lafiyar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sun ɗura masa magani ta gefen baki, ya yi musu nuni da kada su yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na majinyaci. Da ya farfaɗo ya yi umurni a ɗura wa duk wanda ke cikin ɗakin irin maganin, ban da baffansa Abbas wanda bai halarta ba. Iyalinsa ne, ƙauna ce ta sa su, amma bai bar abin ya wuce ba. Daga nan malamai suka fahimci cewa jikin baligi mai hankali ba a taɓa shi sai da yardarsa.

Yaya izinin da shari'a take la'akari da shi yake? Sharaɗinsa mai bayarwa ya san abin da yake yarda da shi. A gaya masa cutar, da aikin da za a yi, da abin da ake fata, da haɗarin da aka saba gani, da abin da zai faru in an bari, cikin harshen da yake ji, Hausa ko Tamajak ko Fulatanci. Takardar da aka rubuta da Faransanci aka miƙa wa wanda bai yi boko ba, aka kama yatsansa aka dangwala, shaida ce a kan takarda, amma a wurin Allah ba a yarda da abin da ba a sani ba. Kamar ciniki ne: in ka sayar wa mutum buhu a ɗaure bai san abin da ke ciki ba, cinikin ya ɓaci. Kuma izini yana da iyaka. Wanda ya yarda a yi masa aikin gwaiwa bai ba da izinin a cire wani abu dabam ba, sai in larura ta taso a tsakiyar aiki wadda jinkirta ta zai halaka shi.

Duniya ta ga abin da rashin izini yake haifarwa a birnin Kano. A 1996, cikin annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka, har a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara goma sha biyar ke nan bayan abin. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba: da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi, cutar kuwa ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da yawa, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Amana in ta karye tsakanin likita da jama'a, masu biyan kuɗinta sun fi waɗanda aka cuta da farko yawa.

To wa yake da ikon ba da izini? Baligi mai hankali shi ke ba da izinin kansa, namiji ne ko mace. Yaro da wanda hankalinsa ya gushe, waliyyinsa ne, bisa sharaɗin ya nemi maslaharsu. A nan muna kira ga mazan Adar da babbar murya. Ƙasarmu ƙasar biɗa ce, da an gama girbi samari da magidanta sun yi Abijan, sun yi Legas, sun yi Libiya da Aljeriya. Mace tana naƙuda kwana biyu, ungozoma ta ce a tafi asibiti, a ce sai an sami mai gida a waya. An isa asibiti likita ya ce sai fiɗa, a ce sai wansa ya zo daga ƙauye. Cikin wannan jira mahaifa take fashewa, jariri yake mutuwa, ko mace ta tashi da yoyon fitsari. Shawara da miji kyakkyawar zamantakewa ce, amma ran mace ba mallakar mijinta ba ne, kuma yardarta ta isa a yi mata aikin da zai cece ta. Gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa tun 2005, ta ƙara da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006. Duk mai shirin tafiya ya bar magana a fili gaban iyalinsa da iyayensa: in larura ta zo, kada a jira ni.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a kan waɗannan mas'aloli. A zamanta na Jidda a 1992 ta tabbatar da sharaɗin izinin majinyaci, ta ce ba a la'akari da ƙin waliyyi in cutarwarsa ga wanda yake riƙo a fili take, kuma ba a jiran izini wurin ceton wanda ransa ke cikin haɗari. A zaman Maskat na 2004 ta jera wuraren da likita yake lamuni. A zaman Sharja na 2009 ta yi magana a kan fiɗar haihuwa: in ta zama dole domin ceton uwa ko ɗa, ƙin miji ko na matar ba ya hanawa, hukuma ce take karɓar ikon izini, bisa sharuɗɗa, cikinsu har da a yi musu cikakken bayani kuma wasu likitoci dabam su tabbatar da larurar.

Idan lamuni ya tabbata, me ake bi? In rai ne ya salwanta bisa kuskure, diyya ce: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma gaɓoɓi kowace da ƙimarta. Likitan da ya san aikinsa hannunsa ya kuskure, diyyar tana kan danginsa na wajen uba in ta kai sulusi, ana biyan cikakkiyarta cikin shekara uku. Abin da bai kai sulusi ba daga dukiyarsa. Kaffara kuwa tasa ce shi kaɗai, azumin wata biyu a jere. Magada suna da ikon su karɓa, su rage, ko su yafe, kuma yafewa sadaka ce mai girma. Sai dai ba a tilasta ta, ba a kunyata wanda ya ƙi, kuma babu mai ikon yafe rabon maraya.

Mu a nan ba kotunan diyya muke da su ba, amma ƙofofin neman haƙƙi suna nan. A adana karnen asibiti da takardun magani da na gwaji. A fara da neman bayani wurin wanda ya yi aikin, cikin ladabi, tare da dattijo ko wanda ya iya karatu. In bai gamsar ba, akwai babban likitan gunduma, akwai hukumar lafiya ta jiha a Tawa, akwai majalisar da doka ta kafa domin ladabtar da likitoci. Sarakunanmu suna da hurumin sulhu. Dokar ƙasa kuma ta tanadi hukunci a kan kisa ko rauni da aka yi ta hanyar sakaci, da biyan diyyar ɓarna, kuma ƙofar kotu a buɗe take. Abin da ba ya halatta shi ne a kai wa ma'aikaci hannu, ko a fasa kayan asibiti, ko a ɗauki sunan mutum a watsa a WhatsApp ana kiransa mai kisa kafin a bincika. Allah Ya umurce mu da tabbatar da labari a Suratul Hujurati, kuma wanda zai ce an yi sakaci ko ba a yi ba masanin aikin ne adali, kamar yadda ake kiran magini ya duba aikin magini.

Yanzu ga amsa. Kai uban yaro, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya sa ɗanka ya zama mai ceto. Neman bayani ba jayayya da ƙaddara ba ne. Ka ɗauki takardun ka kai gaban masana. In ya tabbata an ga yaron sau uku ba a sake bincike ba, ba a tura shi gaba ba alhali akwai hali, to kana da haƙƙi, ka karɓa ko ka yafe. In kuwa ya tabbata an yi abin da ya kamata cutar ce ta ɓuya, to ka saki zuciyarka, kada ka riƙe bawan Allah da abin da bai yi ba. Kuma ko ka yi niyyar yafewa, ka kai maganar, domin yaron maƙwabcinka gobe can za a kai shi.

Ke kuma ƴar uwa, Allah Ya musanya miki da mafi alheri. In mahaifa ta fashe jini yana zuba, kina cikin barcin allura, babu hanyar tsayar da shi sai cirewa, to likita ya yi abin da shari'a ta ɗora masa, kuma ta hannunsa Allah Ya raya ki. Ba ya lamuni a kan wannan. Amma shirun da aka yi miki na watanni, wannan an tauye ki, domin haƙƙinki ne a gaya miki abin da aka yi a jikinki kafin ki bar asibiti. Ki nemi a karanta miki rahoton aikin. In ya nuna babu larura, to an yi aiki ba da izini ba, kuma kina da haƙƙi. Ga mijinki kuma muna cewa: matar da ta rasa mahaifa wurin haifa maka ɗa ba abin saki ba ce, ka ji tsoron Allah a kanta.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, mun san da yawanku kuna kwana a tsaye da azumi a bakinku, kuna shan ruwa da dabino ɗaya a bakin gadon majinyaci. Aikinku farilla ce da kuka ɗauke wa al'umma, kuma Suratul Ma'ida ta kwatanta raya rai ɗaya da raya mutane duka. Muna roƙonku abu kaɗan: ku yi wa mutane bayani da harshensu, ku rubuta abin da kuka yi, kuma in kuskure ya auku ku faɗa. Sauya abin da ke cikin takarda bayan an yi kuskure shaidar zur ce, ta fi kuskuren muni.

Muna rufewa da tunatarwa ta wannan wata. Kada wanda likita ya ce a yi masa aiki da gaggawa ya ce sai bayan salla. Allah Ya ba majinyaci sauƙin ya sha ya rama a cikin Suratul Baƙara, kuma wanda azumi zai halaka shi wajibi ne ya sha. Ɗiban jini domin gwaji ba ya karya azumi.

Ya Allah, Ka ba majinyatanmu lafiya, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, Ka sauki masu ciki lafiya, Ka dawo da matafiyanmu gida cikin alheri. Ka sanya albarka a hannun masu yi mana magani, Ka tsare su daga kuskure, Ka tsare mu daga zalunci da zargi ba da hujja ba. Abin da muka faɗa daidai daga gare Ka yake, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafararKa. Sai gobe war haka in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.